Sunayen Taurari a Tsohuwar Babila da Matsalar Daidaita su da Rukunan Taurari na Yau

1. Gabatarwa

Wanda duk ya buɗe littafin tarihin kimiyya ya kai babin Mesofotamiya, da wuya bai tarar da wani jadawali mai gida biyu ba: a hagu sunan tauraro da harshen mutanen Babila, a dama sunan rukunin taurari kamar yadda masana sararin samaniya suke kiran sa a yau. GU.AN.NA shi ne Taureau, GIR.TAB shi ne Scorpion, haka dai har ƙasan shafi. Abin da jadawalin ba ya faɗi shi ne yadda aka yi aka san haka. An daina rubutun ƙusa a kan allunan laka tun ƙarni na farko na Miladiyya, ba a kuma sake iya karanta shi ba sai tsakiyar ƙarni na 19. Ke nan babu wani ɗan Babila da ya taɓa ɗaga yatsa ya nuna wa masanan zamani tauraro ya ce ga sunansa.

A cikin wannan maƙala za mu duba hanyoyin da aka bi aka daidaita sunayen, domin mu nuna cewa gidajen jadawalin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai sunayen da lissafi ya tabbatar, akwai waɗanda aka tsayar da dalili mai ɗan dama, akwai kuma waɗanda har yanzu ake gardama a kansu. Sunayen da muka rubuta da manyan baƙaƙe alamomin sumeranci ne, waɗanda marubutan Babila da na Assur suka gada, suna karanta su da harshensu na akadanci. Mun sauƙaƙa rubutun, mun sa sh inda masana suke sa wani baƙi na daban. K.M. na nufin kafin Miladiyya.

2. Allunan da aka dogara da su

Tsofaffin jerin sunayen taurari masu tsari su ne waɗanda ake kira "taurari uku-uku". Suna raba wa kowane wata na shekara taurari uku, jimilla 36, kuma sanannen kwafinsu ya fito daga birnin Assur, an rubuta shi a ƙarni na 12 K.M. Amfaninsu ga aikinmu kaɗan ne, don kuwa marubutan sun fi kula da cikar tsari a kan abin da ido ke gani.

Babban madogara shi ne littafin da ake kira MUL.APIN, wato "Tauraron Garma", daga kalmominsa na farko. Alluna biyu ne. Kwafinsa mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata na farkon ƙarni na 7 K.M. ne, amma an fi zaton an harhaɗa shi wajajen shekara ta 1000 K.M. L. W. King ya buga hoton rubutun wani kwafi nasa da ke gidan tarihi na Landan a 1912, Hermann Hunger da David Pingree suka fitar da cikakken matani da fassara a 1989. Littafin ya kasa sama gida uku: tafarkin Enlil a arewa mai sunaye 33, tafarkin Anu a tsakiya mai 23, tafarkin Ea a kudu mai 15. Cikin waɗannan 71 har da taurari masu yawo guda biyar, waɗanda mutanen Babila suke kira bibbu, tumakin jeji, saboda ba sa tafiya tare da garke. Bayan jerin sunaye sai ranakun da kowane rukuni yake fara bayyana da asuba, sai jerin waɗanda suke hudowa daidai lokacin da wasu suke faɗuwa, sai taurarin ziƙpu masu ratsawa ta tsakar kai, sai kuma rukunai 17 da wata yake bi ta cikinsu.

Madogara ta uku ita ce littattafan tsaron dare na birnin Babila, inda ma'aikata suka riƙa rubuta abin da suka gani a sama dare bayan dare, haɗe da farashin sha'ir da dabino da tsawon ruwan kogin Furatu. Mafi tsufa da aka samu na shekara ta 652 K.M. ne, na ƙarshe na 61 K.M. Abraham Sachs da Hermann Hunger ne suka shirya su, an fara buga su a 1988.

3. Inda lissafi ya yanke hukunci

Aikin ya faro ne daga wasu limaman Kirista guda biyu ƴan Jamus. Johann Strassmaier ya shafe shekaru yana kwafe alluna a Landan, ya ga wasu cike da lambobi bai gane kansu ba, ya miƙa wa Joseph Epping, malamin lissafi. Littafinsu ya fito a 1889, Franz Xaver Kugler ya ɗora daga inda suka tsaya.

Dabarar da aka bi tana da sauƙin fahimta, ko da yake aikinta da hannu ya ci shekaru. Allunan ƙarnonin ƙarshe suna ba da shekara bisa lissafin zamanin Salukawa, wanda ya fara daga 311 K.M., da wata, da dare. Sa'an nan su ce wata ko wani tauraro mai yawo yana sama da tauraro kaza, ko ƙasa da shi, ko gabansa, ko bayansa, da tazarar kamu kaza da yatsa kaza. Kamun sama ya ɗan haura digiri 2, yatsa 24 ne a cikinsa. To, masanin zamani yana iya lissafa inda Mushtari ko Zuhura ko wata yake a wancan dare. Idan allo ya ce Mushtari yana kamu ɗaya ƙasa da "Sarki", sai a duba wane tauraro mai haske ne yake kimanin digiri 2 sama da wurin da lissafi ya bayar. Sau ɗaya ana iya cewa dace ne. Amma idan an sami suna guda a wurare da dama cikin shekaru ɗaruruwa, kullum yana faɗawa kan tauraro guda, shakka ta ƙare.

Ta haka aka tsayar da taurari kimanin 30 waɗanda Epping ya ba suna taurarin ma'auni. LUGAL, "Sarki", shi ne Régulus. Is le, "Muƙamuƙin Sa", shi ne Aldébaran. "Tauraro mai haske na AB.SIN" shi ne l'Épi, wanda ake kira Spica da latinanci. MUL.MUL, wato "Taurari" kurum, da akadanci zappu, tukkun gashi, shi ne abin da Bahaushe yake kira kaza da ƴaƴanta, malamai kuma Suraiya. A kan wannan na ƙarshe akwai ƙarin shaida: wani allo na zamanin Salukawa da ke Barlin yana ɗauke da zanen taurari bakwai, an rubuta sunan a jikinsu, ga kuma zanen bijimi kusa.

Sai dai waɗannan taurarin ma'auni da suka tabbatar da daidaiton, su ne kuma suka fara nuna iyakarsa. Taurari biyu da suke ƙarshen ƙahonin Taureau a taswirar yau, mutanen Babila sun kira su "linzamin Karusa na arewa" da "linzamin Karusa na kudu". Wato a wurinsu akwai wani rukuni, Karusa, a cikin filin da muke ba bijimi. Haka kuma tauraron da suka kira "ƙafar baya ta Zaki" yana cikin Vierge a yau, shi ne mai alamar beta. Zakin Babila ya fi namu miƙe ƙafa. Dalilin wannan a fili yake. Rukunan yau filaye ne masu iyaka, guda 88, waɗanda ƙungiyar masana taurari ta duniya ta amince da su a 1922, ɗan Beljiyam Eugène Delporte ya zana iyakokinsu aka buga a 1930. Na Babila siffofi ne masu kai da ƙirji da ƙafa, babu layin da ya raba wannan da wancan. Idan jadawali ya ce UR.GU.LA shi ne Lion, abin da ya halatta a fahimta shi ne siffofin biyu suna wuri guda a sama kuma sun yi tarayya a manyan taurarinsu.

4. Inda suna yake yaudara

Rukunan da ke kan tafarkin rana sun wuce daga Babila zuwa ga Girkawa, musamman bayan da masanan Babila suka kasa tafarkin gida 12 masu digiri 30 kowanne a ƙarshen ƙarni na 5 K.M. Batlamus ya tsara rukunai 48 a littafinsa a ƙarni na 2 Miladiyya, aka fassara shi da larabci, al-Sufi ya sake nazarinsu a 964, kuma daga larabcin ne malaman hisabi na ƙasar Hausa suka sami sunayen burujai: Hamal, Sauru, Jauza'u, Saraɗan, Asad, Sumbula da sauransu. Saboda wannan gado, sunaye da yawa sun zo iri ɗaya: Sa, Tagwaye, Ƙaguwa, Zaki, Kunama, da Bunsuru mai jelar kifi. Wannan kamanni ya sa aka ɗauka ko'ina haka abin yake, alhali ba haka ba ne.

A wurin da muke ganin Rago (Bélier), mutanen Babila ɗan ƙodago suke gani, LU.HUN.GA, mutumin da ake ɗauka aikin gona da lada. Taurarin ma'auni sun tabbatar da wurin, domin manyan taurarin Bélier biyu su ne "na gaba" da "na baya a kan Ɗan Ƙodago". Yadda mutum ya koma rago bai tabbata ba. Bayanin da aka fi kawowa shi ne, alamar "mutum" da wata alama mai nufin "tunkiya" duka ana iya karanta su lu, kuma an danganta rukunin da Dumuzi, ubangijin makiyaya a addininsu. A wurin Vierge kuwa, AB.SIN suke da shi, wato kwarin da garma take bari a gona, an danganta shi da ubangijiya Shala mai riƙe da zangarniyar sha'ir. Abin sha'awa a nan, sunan larabci da malamanmu suke amfani da shi, Sumbula, ma'anarsa zangarniya, ya fi kusa da tunanin Babila a kan kalmar faransanci. Ma'auni kuma, zibanitu, na Babila ne tun asali. Girkawa na farko ƙahonin Kunama suke gani a wurin, kuma MUL.APIN da kansa ya kira Ma'aunin ƙahon Kunama.

Da an bar tafarkin rana, kamannin yakan ɓace ko ya kai mutum wani wuri. Orion a wurinsu SIPA.ZI.AN.NA ne, amintaccen makiyayin Anu. Murabba'in Pégase "Gona" ne. Taurari bakwai na Grande Ourse "Amalanke" ne, babu maganar wata dabba. Véga yana cikin "Akuya". Akwai "Kare" a jerinsu, UR.KU, amma wanda ya neme shi a Grand Chien ya ɓata, don yana can ɓangaren Hercule, nesa ƙwarai. Mikiya da Hankaka da Maciji ne suka tsaya a wurarensu har yau.

Akwai wata yaudarar da ta fi wannan. A littattafan duba, irin su Enuma Anu Enlil, marubuta sukan ari sunan tauraro tsayayye su ba mai yawo. "Garma" tana iya nufin Mirriku, "Ma'auni" yana iya nufin Zuhalu. Wanda ya karanta cewa Garma ta kusanci Kunama ya ɗauka rukunai biyu ne maƙwabta, zai gina taswira a kan kuskure. Don haka ba a kafa hujja da littattafan duba sai da taka-tsantsan.

5. Misalin Kibiya

Labarin KAK.SI.SA, "Kibiya", ya isa ya nuna yadda hujjoji suke karo da juna kafin ɗaya ta rinjaya. Wani rubutu na sarkin Assur na ƙarni na 11 K.M., mai ba da labarin farauta a lokacin sanyi, ya siffanta wannan tauraro da ja irin na narkakken jan ƙarfe. Masanan ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 suka shiga neman jan tauraro mai haske. Wasu suka ce Antarès, wasu suka ce Bételgeuse.

Kibiya ba ta cikin taurarin ma'auni, don tana nesa da hanyar wata. Abin da ya warware matsalar shi ne ranakun bayyanar asuba. Kowane tauraro yakan ɓace na wasu makonni idan rana ta kusance shi, sa'an nan wata asuba ya ɓullo a gabas jim kaɗan kafin gari ya waye. MUL.APIN ya ba da waɗannan ranaku bisa shekarar lissafi mai watanni 12, kowane kwana 30. Kaza da ƴaƴanta suna bayyana ran 1 ga wata na biyu, Makiyayi ran 10 ga na uku, Kibiya ran 15 ga na huɗu, Baka da Sarki ran 5 ga na biyar, Ƙirjin Kunama ran 15 ga na takwas. Tun da an riga an san kaza da ƴaƴanta da Sarki ta hanyar lissafi, sai ya zama Kibiya tauraro ne da ke bayyana kwana 74 bayan na farko, kwana 20 kafin na biyu. Antarès ya fita, shi ne Ƙirjin Kunama, wata huɗu ke tsakaninsu. Bételgeuse ma ya fita, domin yana cikin Makiyayi wanda ya riga Kibiya da kwana 35. Babban tauraron da ya dace da gurbin shi ne Sirius, Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi. Allunan zamanin Salukawa, masu ba da ranakun bayyanarsa da ɓacewarsa shekara bayan shekara, sun ƙarfafa wannan. Baka kuma ta zama taurarin kudancin Grand Chien da wani yanki na Poupe. Batun ja kuwa, Sirius fari ne, amma idan yana daf da ƙasa yakan yi walƙiya da launuka har da ja, kuma duk mai kwana a waje lokacin ɗari yana iya gani da idonsa.

Darasin hanya da ke cikin wannan shi ne, siffar da marubuci ya ba tauraro ba ta kai ƙarfin kwanan wata ba, shi kuma kwanan wata bai kai ƙarfin awo da kamu ba.

6. Arewa da kudu

Ga rukunan arewa, taurarin ziƙpu suna taimakawa. Tauraron da yake ratsawa ta tsakar kan mai kallo, nisansa daga tsakiyar sama zuwa arewa daidai yake da nisan garin mai kallon daga layin da ya raba duniya biyu. Babila tana kan digiri 32 da rabi, Nineba ta ɗan haura 36. Jerin ziƙpu ya kuma faɗi wanda yake riga wani ratsawa. Da waɗannan sharuɗɗa biyu aka sami SHU.PA a Arcturus, Akuya a Lyre, da dodon nan mai buɗaɗɗen baki, UD.KA.DU.A, a Cygne da wani yanki na Céphée. Wurin ya tabbata, amma faɗin siffar bai tabbata ba.

Dole kuma a yi la'akari da cewa saman yau ba ita ce ta wancan zamani daidai ba. Sandar da duniya take juyawa a kanta tana karkata sannu a hankali, tana kammala zagaye cikin shekara kusan 26,000, abin da ke gusar da taurari digiri 1 kowace shekara 72. Cikin shekara 3,000 gusawar ta haura digiri 40. Saboda haka ranakun MUL.APIN suna iya nuna zamani da wurin da aka yi kallon. Bradley Schaefer ya yi wannan lissafi a 2007, ya sami wajajen 1370 K.M., da ragi ko ƙarin shekara 100, a kan digiri 35, wato yankin Assur. A ganinmu ya kamata a karɓi irin wannan sakamako da hannu ɗaya. Da fari, kusan dukan ranakun littafin 1 ne ko 5 ko 10 ko 15 ko 20 ko 25, alamar an gyara su domin su shiga tsari. Na biyu, ranar bayyanar tauraro ta danganta da tsabtar iska. Wanda ya san hazon hunturu a Damagaram ko Tawa ya san ƙura tana iya ɓoye tauraro na ƙasa-ƙasa kwana da kwanaki, kuma kudancin Iraki ma ƙasar ƙura ce. Na uku, wanda ya fi damun mu: ana daidaita sunayen da ba a tabbatar ba ta hanyar ɗaukar wani zamani, sa'an nan a koma a fitar da zamanin daga sunayen da aka daidaita. Idan ba a ware tabbatattun sunaye aka yi lissafi da su kaɗai ba, hujjar tana zagaye ne a kan kanta.

Tafarkin Ea na kudu shi ne mafi rauni. Kifi an sa shi a Fomalhaut da kewayensa, Mahaukacin Kare a Loup, kuma waɗannan ba a cika musu a kansu ba. Amma NUN.KI, tauraron birnin Eridu, wasu sun ce Canopus ne, wasu sun ce wasu taurari ne na Poupe da Voiles. Canopus, wanda a Yamai yakan ɗaga har kusan digiri 24 sama da ƙasa, a Babila da ƙyar yake kai digiri 5, inda hazo ya fi kauri. Babu wata ko tauraro mai yawo da yake bi ta can balle a auna da kamu, ba ya kuma ratsawa ta tsakar kai. Abin da ya rage shi ne ranar bayyana guda ɗaya wadda aka gyara, da jumla ɗaya ko biyu masu cewa yana dama ko hagu da wani.

Ita kanta Garma, wadda littafin ya ci sunanta kuma ta buɗe jerin tafarkin Enlil, tana cikin wannan aji. MUL.APIN ya ce ita ce take tafiya a gaban taurarin Enlil, ya kuma ce tauraron "Kerkeci" shi ne mazubin irinta, domin garmar Mesofotamiya tana da mazurari da ake zuba iri ana cikin huɗa. Ba ya ba da ranar bayyanarta da asuba. An daɗe ana sa ta a Triangle haɗe da tauraron gama na Andromède, saboda siffar kusurwa uku ta yi kama da garma kuma wurin ya dace da farkon shekara. Wasu masana sun matsar da ita arewa zuwa Cassiopée. Jadawalin da Felix Gössmann ya tara a 1950 da wanda Gennady Kurtik ya tara da rashanci a 2007 suna kawo ra'ayoyin gefe da gefe. Masu shirya littattafan karatu da hausa, idan sun zo kan irin wannan suna, ya fi dacewa su rubuta "yankin Triangle, Andromède ko Cassiopée" da alamar tambaya a gabansa, su bar alamar daidaito ga irin su Sarki da Muƙamuƙin Sa da Kibiya.